Kyanwar Lami: Yadda Kalmar "Observe" Ta Rasa Cizo da Yakushi

A kusan kowane taron gwamnati a Najeriya, daga ƙaddamar da rijiyar burtsatse zuwa rantsar da kwamishinoni, akwai wata jimlar Turanci da ba ta fashi. Mai jawabi zai miƙe, ya gyara wuyan babbar riga, ya ambaci mutum uku ko huɗu daga cikin manyan baƙi, sa'an nan ya rufe da cewa *all protocols duly observed*, wato an kiyaye duk ƙa'idojin girmamawa. Abin dariya shi ne ana furta jimlar ne daidai lokacin da aka yanke shawarar tsallake waɗannan ƙa'idoji. Faɗin an kiyaye ya maye gurbin kiyayewar.

Idan jami'in ya koma ofis, mai yiwuwa ya tarar da rahoton masu binciken kuɗi a kan teburinsa. Sakin layi bayan sakin layi zai ga an buɗe da *it was observed that*, wato an lura cewa. An lura cewa an biya kuɗin kwangila alhali ba a yi aikin ba. An lura cewa an fitar da kuɗi babu takardar shaida. An lura cewa motocin ma'aikata sun yi ɓatan dabo. Jami'in zai sa hannu, ya tura fayil ɗin gaba, a lura da abu ɗaya a shekara mai zuwa.

Kalma ɗaya ce ta yi aiki a wuraren biyu. Da safe tana nufin kiyayewa, da rana tana nufin lura, kuma a duka biyun babu abin da ya motsa. Wannan ba laifin kalmar ba ne. Tarihinta ya nuna cewa an haife ta da nauyi a wuya, kuma hukumomin zamani ne suka sauke mata shi, suka mayar da ita mafaka ga duk wanda yake son a ce ya yi wani abu ba tare da ya yi ba. Kafafen yaɗa labarai na Hausa kuwa, ta hanyar fassarar da suka saba, suna taya su rufa wannan asiri.

Daga Rum zuwa Ingila

Tushen kalmar yana cikin harshen Latin na Rumawa. Sun ce *observare*, haɗin gaɓa biyu: *ob*, mai nufin a gaban abu ko fuskantarsa, da *servare*, mai nufin tsarewa, adanawa, gadi. Wanda ya yi *observare* ya tsaya ne a gaban abu yana gadinsa. Daga wannan *servare* ɗin Turanci ya samo *conserve* da *preserve* da *reserve*, kuma dukkansu kalmomin adanawa ne da tanadi. Dangin kalmar kaf makiyaya ne da masu gadi, babu ɗan kallo a cikinsu.

Ba kai tsaye ta shiga Turanci ba. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, kuma ta wannan ƙofa dubban kalmomin Latin suka kwararo. *Observe* ta bayyana a rubutun Turanci a ƙarshen ƙarni na 14, zamanin marubucin nan Geoffrey Chaucer wanda ya rasu a 1400. Ma'anarta a lokacin ita ce bin doka, riƙe al'ada, cika alkawari, raya ranar ibada. Sai a ƙarni na 16 ma'anar kallo da lura ta kankama, sa'an nan a farkon ƙarni na 17 aka sami ma'ana ta uku, wato mutum ya furta abin da ya lura da shi.

Jerin yana da muhimmanci. Kusan shekara 200 Bature yana amfani da kalmar a kan abin da ya wajaba a kansa kafin ya yi amfani da ita a kan abin da idonsa ya gani. Har yau harshen yana ɗauke da wannan tagwayen gado: *observance* ita ce kiyayewa, *observation* ita ce lura. Siffar *observant* kuwa tana hawa kan mutum biyu, yaron da ba abin da ke wuce masa, da kuma mai riƙo da addininsa.

Mutumin da ya zauna a gida yana duban sama

Rumawa da kansu sun bar wani labari da ya isa darasi. A tsarinsu, kafin taron jama'a ya zartar da doka sai an dubi sama an nemi alamun yardar alloli. Idan babban jami'i ya sanar cewa ya ga mugun alami, kamar walƙiya, taron ranar ya rushe. Suna kiran wannan aiki *de caelo servare*, wato gadin sama, da wannan kalma dai ta *servare*. Kallo ne mai ƙarfin doka.

A shekara ta 59 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuliyas Kaisar da Markus Bibulus suka riƙe muƙamin shugabancin Rum tare, domin mutum biyu ake zaɓa kowace shekara. Kaisar ya kawo dokar raba filaye, Bibulus ya tashi hana ta. Magoya bayan Kaisar suka yi masa ature a dandalin birni, har aka juye masa kwandon kashi a ka. Sai ya shige gidansa ya rufe ƙofa, ya shafe sauran watannin shekarar yana aiko da sanarwa cewa yana duban sama, don haka duk abin da aka zartar bai halatta ba. Kaisar bai ko waiwaye shi ba. Dokokinsa suka wuce ɗaya bayan ɗaya, har masu barkwancin birnin suka riƙa lissafa shekarar a matsayin ta Yuliyas da Kaisar, kamar Bibulus bai taɓa wanzuwa ba.

Bibulus bai daina kallo ba, kuma bai daina fitar da rahoto ba. Abin da ya gushe shi ne yardar masu iko su bi hukuncin abin da aka gani. Duk mai karanta rahotannin kwamitoci a Abuja ya san wannan mutum, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Sarƙa mai zobe uku

Ma'anonin nan uku ba baƙin juna ba ne. Zobba ne na sarƙa ɗaya: a gani, a faɗa, a kiyaye. Misali mafi kusa shi ne duban wata. A daren 29 ga Sha'aban mutane sukan fita su dubi yamma, wanda ya ga jinjirin wata ya kai shaida, a tantance, Sarkin Musulmi ya sanar, gari ya waye da azumi. A Turanci kalma ɗaya ce take ɗaukar ganin watan da riƙe azumin. Babu mai hankalin da zai ce an kafa kwamitin duban wata don ya tara rahotanni a kabad. Darajar ganin tana cikin abin da ya biyo baya.

Ko a fagen kimiyya, inda aka fi alfahari da kallo tsantsa, haka abin yake. Sarki Charles na Biyu ya kafa gidan nazarin taurari na Greenwich a 1675, irin gidan da Turanci ke kira *observatory*, kuma dalilin kafa shi a bayyane yake: a gyara taswirar taurari domin matuƙan jiragen ruwa su san inda suke a teku, su daina halaka. A asibiti ma, idan likita ya ce a ajiye majiyyaci *under observation*, ma'anarsa a riƙa auna zafin jikinsa da bugun jininsa domin a yi maza a ɗauki mataki idan abu ya canja. Ma'aikaciyar jinyar da ta rubuta cewa numfashin majiyyaci yana ƙasa, ta rufe littafi ta koma kujerarta, ba wanda zai yaba mata da iya lura.

Abin da hukumomin zamani suka yi shi ne tsinke sarƙar. Sun riƙe zoben farko, sun sassauta na biyu, sun jefar da na uku. A harshen diflomasiyya, *observer* yanzu sunan wanda aka ba kujera aka hana ƙuri'a ne. Matsayin da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Falasɗinu ke nan ranar 29 ga Nuwamba 2012 da ƙuri'u 138: ta zauna, ta yi magana, amma idan an zo kaɗa ƙuri'a ta naɗe hannu. Kalmar da ta fara da gadi ta ƙare a matsayin sunan rashin iko.

Masu sa ido da abin da suka gani

Babu inda wannan yashewa ta fi tsada kamar zaɓe. Ranar 8 ga Agusta 2017 Kenya ta yi zaɓen shugaban ƙasa a gaban tawagogi masu manyan sunaye. John Kerry, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, yana cikin jagororin tawagar Cibiyar Carter. Thabo Mbeki ya jagoranci ta Tarayyar Afirka, John Mahama kuma ta ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Bayanansu na farko sun yaba da yadda aka kaɗa ƙuri'a, suka shawarci wanda bai gamsu ba ya tafi kotu. Raila Odinga ya tafi. Ranar 1 ga Satumba Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai Shari'a David Maraga ta soke zaɓen, saboda hukumar zaɓe ta saɓa wa tsarin mulki da doka wajen aika sakamako da tattara shi. Baƙin sun ga layukan masu zaɓe, sun ga akwatuna. Ɓarnar tana can cikin takardun sakamako da na'urorin aikawa, inda idonsu bai kai ba a lokacin da bakinsu ya riga ya buɗe. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Malawi ta maimaita darasin. A zaɓen Mayu 2019 an yi amfani da farin ruwan goge rubutu na Tipp-Ex a kan takardun sakamako masu yawa, aka bayyana Peter Mutharika a matsayin wanda ya ci, kuma bayanan farko na tawagogin waje ba su tayar da jijiyar wuya ba. 'Yan ƙasar ne suka shafe watanni a kan titi, alƙalai kuma suka soke zaɓen a Fabrairu 2020. Aka sake shi a watan Yuni, lokacin da annobar korona ta hana yawancin baƙi zuwa, Lazarus Chakwera ya yi nasara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Najeriya ta nuna ɗaya fuskar matsalar. A 2007 masu lura ba su yi rowar gaskiya ba. Tawagar Tarayyar Turai ta bayyana ƙarara cewa zaɓen ya gaza cika mafi ƙarancin sharuɗɗan zaɓe na gaskiya. Shi kansa wanda ya ci, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa a jawabinsa na kama mulki ranar 29 ga Mayu cewa zaɓen yana da naƙasu. Ya kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahotonsa a Disamba 2008. Daga cikin manyan shawarwarinsa akwai a karɓe ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa a ba Majalisar Shari'a ta Ƙasa aikin tantancewa, a kuma kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu maguɗi. Gwamnati ta yi watsi da ta farko. Ta biyu kuwa shekara 15 suka wuce ba a kafa ta ba. An gani, an faɗa, an ƙi kiyayewa. Da aka zo 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya kasa hawa rumbun intanet na hukumar INEC a kan lokaci, tawagar Tarayyar Turai ta fitar da rahoton ƙarshe a watan Yuni, fadar shugaban ƙasa ta yi fatali da shi. Bibulus ya sake aiko da sanarwa, Kaisar ya sake wucewa.

Haka zancen yake a harkar kuɗin jama'a. Sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya alhakin duba asusun gwamnati ya kai rahoto Majalisar Tarayya. Ba shi da ikon gurfanar da kowa a kotu. Rahotanninsa sukan fito da jinkirin shekaru, lokacin da wanda ya sa hannu a takardar ya yi ritaya ko ya sami ƙarin girma. Jimlar "an lura cewa" kuwa ta dace da wannan tsari kamar an auna: ba ta ambaci wanda ya lura ba, ba ta ambaci wanda ya ci ba, ba ta ce wa zai biya ba.

Hujjar masu kare su

Akwai martani biyu masu nauyi, kuma bai kamata a raina su ba.

Na farko na masana harshe ne. Za su ce asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba, ma'ana tana bakin masu magana ne a yau. Wannan gaskiya ce. Ba wanda zai tilasta wa Turawan ƙarni na 21 su yi magana kamar Chaucer. Sai dai tsohuwar ma'anar nan ba ta mutu ba, tana raye a bakin jami'in da ya yi shelar an kiyaye ƙa'idoji, tana raye a duk lokacin da aka miƙe aka yi shiru na minti ɗaya don girmama mamaci. Don haka hukumomi suna cin moriyar kwarjinin tsohuwar ma'ana, alhali sabuwar kaɗai suke aikatawa. Talakan da ya ga baƙi da riguna masu tambari a rumfar zaɓe yana jin an kawo masu gadi. Wannan zato shi ne ribar da mai maguɗi yake nema daga zuwansu.

Na biyu na masu aikin ne. Za su ce mai lura da ya sa hannu a cikin zaɓe ya zama ɗan wasa, ya rasa amincin da ya sa ake sauraronsa. Wannan ma gaskiya ce. Ƙa'idojin INEC sun bambanta *observer* da *monitor*: na farko ya gani ya rubuta, na biyu jami'in hukuma ne mai ikon gyara abin da ya karkace. Babu mai neman baƙo daga Turai ya ƙwace akwati daga hannun ɗan daba. Amma rashin sa hannu bai wanke kowa daga zobe na biyu ba, wato faɗin gaskiya daidai gwargwadon abin da aka gani. Mai lura da ya ziyarci rumfuna kaɗan a cikin birni, ya kira 'yan jarida kafin a gama tattara sakamako, ya ce komai lafiya, ya riga ya sa hannu, kuma a gefen mai iko ya sa shi. Sanarwar ƙa'idojin lura da zaɓe ta ƙasa da ƙasa, wadda aka ƙaddamar a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2005, ta gargaɗi ƙungiyoyi kada su tura tawaga inda zuwanta zai zama halatta zaɓen da ba na gaskiya ba. Masu aikin da kansu sun san cewa halartarsu tana da nauyi. Abin da ake nema shi ne su ɗauki nauyin.

Inda Hausa ta fi, da inda ake cutar ta

Hausa ba ta da wannan ruɗani, sai dai a jawo mata shi. Tana da *kallo*, aikin wanda ya zo biki. Tana da *lura* da *kula*, waɗanda suke haɗa hankali da ɗawainiya, shi ya sa ake cewa a lura da yara, a kula da mara lafiya. Tana da *kiyaye*, wadda ta fi kowace kusa da *servare* ta Rumawa, domin ana kiyaye doka, ana kiyaye dukiya, ana roƙon Allah ya kiyaye hanya. Sa'an nan tana da tagwaye biyu da kowane yaro ya san bambancinsu. *Sa ido* bibiya ce ta wanda zai yi magana ko ya ɗauki mataki, har ma ana kiran mai shiga sharo ba shanu ɗan sa ido. *Zuba ido* kuwa halin wanda ya ga abu ya naɗe hannu ne.

Duk da wannan wadata, ɗakunan labarai sun daskare a kan fassara guda. Kowane *observer* "mai sa ido" ne. Kowace sanarwar da ta ce hukuma tana bin lamarin, sai a ce "tana sa ido". Da wannan fassara ake ba mai zuba ido lambar yabon mai sa ido, kyauta. Mai sauraro a Gusau ko Maraɗi, wanda bai ga takardar Turancin ba, zai ɗauka akwai wanda ya tsaya masa. Idan ƙauye ya kai ƙorafi sau uku cewa ana ganin baƙin fuskoki a daji, hukuma ta amsa cewa ta lura, aka zo aka kwashe mutane, fassarar gaskiya ita ce an zuba ido. Kiran abin da wani suna ihu ne bayan hari, kuma ɗan jaridar da ya zaɓi lafazi mai laushi ya taya hukuma wanke hannu.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar doka. Edita ya tambayi kowace jimla mai ɗauke da wannan kalma abu uku: wa ya gani, me ya faɗa, wa aka ɗora wa aikin gyarawa kuma zuwa yaushe. Tawagar da ba ta da ikon komai sai rubutu a kira ta masu lura, a kuma gaya wa jama'a iyakar ikonta da adadin wuraren da ta ziyarta. A ajiye "sa ido" ga wanda zai iya tsayar da ɓarna. Idan rahoton binciken kuɗi ya ce an lura, labarin da za a buga ya nemo sunan ma'aikatar da adadin kuɗin, sa'an nan a koma bayan wata shida a tambayi kwamitin majalisa abin da ya yi. Lauya, likita, akawu da malamin jami'a da ke rubuta rahoto su ma suna da zaɓi a duk lokacin da alƙalaminsu ya nufi "an lura cewa": su rubuta sunan wanda ya lura da matakin da ya ɗauka, ko su amsa cewa ba a ɗauki kowane mataki ba.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ƙasar nan ba ta rasa idanu ba. Tana da kwamitoci, da tawagogi, da masu bincike, da rahotanni masu cika ɗaki, kuma yawancin abin da suka gani gaskiya ne. Zaɓe na gaba zai zo da sababbin baƙi da sababbin riguna masu tambari. Kafin a yi musu maraba a kanun labarai da sunan masu sa ido, ya kamata a ɗauko rahoton da magabatansu suka bari, a ƙirga shawarwarin da ke ciki, a buga adadin waɗanda aka kiyaye.